Kayan Aro a Ɗakin Mai Guga

A gidan wanki na bakin titi su huɗu ne a kan teburin guga, amma ita kaɗai ake kira Mai Guga, domin ita ke fara jona dutsen guga da safe, ita ke zare shi da yamma. A gida kuwa Maman 'Yan Biyu ce. Gajeriyar mace ce mai saurin tafiya, bayan hannunta na dama duk tabon ƙuna ne.

Baki shida take ciyarwa: ita, da mijinta, da 'yan biyu, da auta, da Inna, uwar mijin. Mijin magini ne. Bara ya faɗo daga bene, bayansa ya taɓu, tun daga nan yake kwance a ɗakin ciki. Aka sayar da gado, aka sayar da keke, aka yanke musu wuta. Abin da ya fi tsaya mata a rai shi ne ranar da ta ga ɗaya daga cikin 'yan biyun yana tura wa auta rabonsa a ɓoye, wai shi ya ƙoshi. Washegari ta nemi izini a wurin aiki ta nufi ofishin tallafin abinci na gwamnati.

Ta kai abu huɗu da aka ce ta kawo: katin shaidarta, takardun haihuwar yara, takardar likita, da shaidar albashi daga mai gidan wanki. Mutumin da ke bayan taga ya yi ta jero tambayoyi kansa a sunkuye. Talabijin? Babu. Fanka? Babu. Kujerun kushin? Babu. Abincin ajiya? Babu. Sai a ƙarshe ya ɗago ya dube ta.

"Za a turo ma'aikaciya ta duba gidan. In aka samu ƙarya ko ɗaya, za a soke sunanki, ba ke ba sake nema, kuma ana iya kai maganar gaba. Kin ji da kyau?"

Ta ce ta ji, ta sa hannu. Ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba, amma kalmar nan ta "gaba" ta bi ta har gida. A wurin aiki har ta kusa ƙona rigar wani don tunani.

Kuskurenta ɗaya ne. Ba ta gaya wa Inna abin da ta je nema ba. Inna irin tsofaffin nan ne da za su wuni da yunwa amma su ɗora tukunyar ruwa a wuta don maƙwabta su ga hayaƙi. Da ta ji kalmar tallafi da gidan bai zaunu ba. Don haka abin da Mai Guga ta ce mata kawai shi ne, "Inna, gobe da la'asar za mu yi baƙuwa daga ofis."

"Daga ofis?" in ji Inna. Ta dubi ɗakin sama da ƙasa.

Ranar, aiki ya riƙe Mai Guga, ta taho da sassarfa, sai a ƙofar gida ta ci karo da ma'aikaciyar, wata doguwa mai tabarau da jaka a kafaɗa. Suka gaisa, suka wuce ɗakunan sauran 'yan haya tare. Mai Guga ta ɗaga labule, sai ƙafarta ta ƙi shiga.

Jan kafet shimfiɗe daga bango zuwa bango. Kujerun kushin biyu. Talabijin a kan tebur an yafa masa farin ƙyalle. Fanka mai tsayuwa a kusurwa. Can jikin bango, inda duk mai shigowa zai fara gani, buhun shinkafa ne guda cur. Inna na zaune a tsakiya cikin zanenta na fita, fuskar nan fal murmushi.

"Maraba da 'yata. Shigo, shigo, ga kujera. Gidan ne sai a hankali."

Ma'aikaciyar ta zauna, ta buɗe jaka, ta ciro takardar da Mai Guga ta sa wa hannu. Ta dubi takardar, ta dubi ɗakin, ta sake duban takardar. Sannan ta zare murfin biro.

Mai Guga ta tsaya daga bakin ƙofa. Sau huɗu ta ce babu a ofis, ga su nan su huɗun sun hallara a gabanta, har da kafet a kai. Bakin biron take kallo yana tafiya. Kowane layi da ya ja, sai ta ji kamar daga kwanon yaranta ake kwashewa.

"Mama, wannan buhun fa?" ma'aikaciyar ta tambaya.

"Alhamdu lillahi, 'yata, muna cikin rufin asiri," in ji Inna.

Biron ya ƙara layi.

Tun da aka kawo Mai Guga gidan nan ba ta taɓa musa wa Inna magana ba, balle a gaban baƙo. Ta san in ta buɗe baki ta kwance wa tsohuwar zane a kasuwa. In kuma ta yi shiru, an soke sunanta ke nan, ga maganar gaba, ga mutum a kwance, ga yara za su dawo daga makaranta su buɗe tukunya. Ta durƙusa a bakin kafet.

"Inna, ki yi mini afuwa. Malama, babu namu a ɗakin nan. Kujeru da kafet na matar direba ne, ɗakin farko. Talabijin da teburin na tela ne. Fankar ma tasa ce. Buhun ban san inda ya fito ba."

Murmushin Inna ya ɗauke. "Ke Maman 'Yan Biyu, kanki ɗaya kuwa?"

"Tallafin abinci na je nema, Inna. Duba mu ta zo yi, ta ga ko mun cancanta."

Daga ciki sai ga muryar maginin, a hankali, irin ta wanda ya daɗe a kwance. "Malama, gaskiya ta faɗa. Ni ma da na leƙo ɗazu na ɗauka an ɗauke ni ina barci an kai ni gidan wani."

Babu wanda ya yi dariya. Ma'aikaciyar ta cire tabarau ta murza ido.

"Baiwar Allah, kowane gida na shiga na ga kaya, sai a ce mini na aro ne. Abin da na saba gani, mutane su kwashe nasu su ɓoye a maƙwabta kafin na iso. Ban taɓa ganin wanda ya aro ya jibge ba. Ni kuma abin da idona ya gani nake rubutawa."

"Ki kunna fankar, Malama," in ji Mai Guga da sauri. "Don Allah ki kunna."

Ma'aikaciyar ta miƙa hannu ta danna. Fanka ko gezau. Ta bi wayar da ido, ta same ta a naɗe a bayan kujera. Ta taɓa makunnin bango, ƙwan bai kama ba.

"An yanke," in ji Mai Guga.

"Ai akan yanke wa mai kaya wuta ma." Ma'aikaciyar ta rufe biron, ta ɗora shi a cinya. "Ga abin da zan iya yi. Zan zauna nan. In na aro ne, masu shi su zo da ƙafarsu, kowa ya ɗauki nasa a gabana. Abin da ya rage shi zan rubuta. In ba haka ba, na tafi da wannan."

Mai Guga ta juya wajen Inna. Ba ita ta aro ba. Ba ta ma san abin da tsohuwar ta gaya wa mutane ba. In ita ta fita kira, matar direba za ta ce ai Inna ta ce sai gobe. Inna kuwa ta kafe idonta a kan kafet, leɓenta na motsi. Ma'aikaciyar ta duba agogo, ta fara gyara bakin jakarta.

A daidai nan auta ya shigo da jakar makaranta, ya ga buhu, ya tsaya cak.

"Inna, yau da yawa za a dafa?"

Inna ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe, ta gyara ɗaurin zane, ta fita tsakar gida inda kowa zai ji ta.

"Matar direba, zo ki ɗauki kayanki, na gode. Tela, kai ma. Wani ya kira mini mai shago ya zo ya ɗauki buhunsa, ya duba ɗinkin, ban taɓa ba."

Suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa kansa a ƙasa. Tela ya rungumi talabijin yana cewa dama ba ya kama tasha sai an mare shi. Mai shago ya saɓa buhu ya fice. Matar direba ta naɗe kafet, sai ga simintin nan da ramukansa uku. Da za ta fita ta tsaya kusa da Inna ta ce ƙasa-ƙasa, "Inna, ni ma na kai takarduna tun wancan watan. Ban dai faɗa ba ne."

Abin da ya rage bai ɗauki ma'aikaciyar lokaci ba: tabarma biyu, kujerar tsuguno ɗaya, tukwane biyu, bokiti, da katifar da maginin ke kai. Ta buɗe robar da suke ajiye gari, ta leƙa, ta mayar da murfin. Ta ja layi ta soke abin da ta fara rubutawa.

"Baki shida, ko? Ki zo ranar Litinin da katin shaidarki, taga ta biyu. A can za a ba ki katin karɓar abincin."

Inna ce ta raka baƙuwar har ƙofa. Da ta dawo ta zauna a tabarma, ta juya wa surukarta baya, ta jawo auta tana cire masa takalmi.

"Litinin ɗin," ta ce, ba tare da ta waiwayo ba, "ki tafi da wuri. Kuma ki goge mayafinki kafin ki fita."