Sau Tara Yaya Asabe Ta Ji Mutuwar Ɗanta

Kakar bana shekara takwas ke nan da aka fita da gawar yayata Asabe daga gidan ɗanta a Likoro. Ana cikin karyar masara ranar, maza suka baro gonaki da ƙaiƙayi a wuyansu suka zo suka sallace ta. Ni Talatu, ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, ni kaɗai na rage a ɗakinmu. Ban yi boko ba. Ina faɗa ne 'yata Binta na rubutawa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, ta bar ta yadda ta fito.

Abin da nake so in waiwaya a kai ba ranar rasuwarta ba ce. Wannan ta zo da sauƙi, Allah ya jiƙanta. Abin da ke zaune a raina shi ne shekara ɗaya da 'yan watanni da suka gabaci ranar, da abin da mu danginta muka yi mata da bakinmu, kowa yana ganin alheri ya kawo.

Yaya mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Lawal ɗanta na fari ne, kuma shekara hamsin da wani abu ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce "wancan", ko "mai gidan nan". In ya shigo gaishe ta sai ta kau da kai, ta amsa wa bango. To da gigin tsufa ya fara taɓa ta, ta fara manta inda ta ajiye carbi, ta fara yin azahar sau biyu, sai kunyar nan ma ta tafi tare da sauran abubuwa. Ranar da na fara jin ta ɗaga murya a tsakar gida ta ce, "Ina Lawal? Ya ci abinci kuwa?" sai da na zauna. Shi kansa Lawal, da furfurarsa, ya juya baya yana share ido.

Ana nan, tsakiyar damina zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ni na gaya mata. Ta yi kuka, aka yi zaman makoki tana zaune ana gaishe ta. Bayan kwana goma sai ga ta da la'asar ta zuba tuwo a kwano ta rufe da faifai, ta ce wa Dije matar marigayin, "Ajiye wa Lawal, in ya dawo gona."

Dije ta aiko mini Hunkuyi, inda nake aure, na je. Na ce uwa ce, hakkinta ne ta san ɗanta ba ya duniya, ba za mu zauna muna mata wasan yara ba. Na kama hannunta na sake gaya mata. Abin da na gani ban taɓa ganin irinsa ba. Ba tunawa ta yi ba, ji ta yi, ji na farko. Ta dafe ƙirji ta ce, "Yaushe? An yi masa wanka? Me ya sa ba a kira ni ba?" Kwana biyu ba ta ci ba. Rana ta uku ta manta, ta rufe masa tuwo.

Daga nan na gane, na kama bakina. Amma ni kaɗai na gane, ni da Dije.

Ku masu karatu kun san al'adarmu. Wanda bai samu zuwa gaisuwar mutuwa ba, tana nan a wuyansa ko da shekara ta zagayo. Duk ranar da ya fara haɗa ido da mai rashi, kafin ya tambayi gida, kafin ya sha ruwa, sai ya durƙusa ya ce ya haƙuri. Lawal kuwa ya rasu lokacin da hanyoyi suka cika da taɓo, noma ya riƙe kowa. Da kaka ta yi, aka kai hatsi rumbu, sai dangi suka fara sauke nauyi. Yau na Furana, jibi na Makarfi, mako mai zuwa wata ƙawarta tun ta ƙuruciya. Kowa ya ɗauro niyyarsa mai kyau, ya riƙo ɗan goro, ya zo ya kashe mata Lawal sabo.

Dije tana cikin takaba, ba ta fita. Ko bayan ta fita takabar, ina suruka za ta tare dattijon dangin miji a ƙofa ta ce masa kada ya yi gaisuwa? Ta riƙa ba da saƙo ranar kasuwar Hunkuyi, ga duk wanda za shi wani ƙauye. Saƙo ya tashi a kan kada a ambaci mutuwar Lawal gaban Inna, wato Yaya, ya isa Furana a kan Inna na jin haushi ba a zo mata gaisuwar Lawal ba. Wayoyi akwai su a lokacin, ƙanana, amma sai ka kira mutum ɗaya, ka yi masa bayani, ya ce to, shi kuma ya manta bai gaya wa matarsa ba.

Wanda ya fi tsaya mini shi ne zuwan Sale. Ɗan kawunmu ne, taubashinmu, mutumin Furana. Tun muna yara shi da Yaya ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba, ita ta ce masa bawanta, shi ya ce mata mai rowar daddawa. Ranar ina Likoro, ina bayan ɗaki ina shanya mata zannuwa, sai na ji sallamarsa. Kafin in zagayo ya riga ya cire hula ya durƙusa. Yaya na ganinsa fuskarta ta washe, ta ce, "Bawana, yau an tuna da uwargijiya?"

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Asabe, yau ba wasa ya kawo ni ba. Ya haƙuri? Allah ya jiƙan Lawal."

Kwanon tuwon yana hannunta. Ta ce, "Wane Lawal?"

Na yi masa alama da hannu, bai gani ba. Ya ce, "Lawal naki mana. Wallahi ƙafa ce ta hana ni zuwa tun damina."

Ta ajiye kwanon a hankali, kamar kada ya fashe. Ta juyo ta dube ni ta ce, "Talatu, tun damina? Kin sani kika bar ni ina rufe masa tuwo?" Sale ya dube ni, ya dube ta, ya rasa inda zai sa kansa. Ko ruwan da Dije ta kawo bai sha ba.

Dije ce ta samo mana hanya, yarinyar da muke gani ba ta san komai ba. In Yaya ta ce a ajiye wa Lawal, sai ta ce, "To Inna, kawo in taya ki rufewa." Su rufe tare. Sai ta ce, "Inna, wai da yana ƙarami wace miya ya fi so?" Yaya ta buɗe baki, labari ya yi ta zuba, labarin da kunya ta hana ta bayarwa shekara hamsin. Yadda ya yi rarrafe da baya. Yadda ya taɓa ɓata a gonar dawa aka same shi yana barci. In ta gaji ta gyangyaɗa, Dije ta ɗauki tuwon ta miƙa wa wata tsohuwa makwabciyarsu da ba ta da mai dafa mata, da niyyar ladan ya kai ga mijinta.

Na zauna Likoro wata guda, na kafa kujera a zaure, duk wanda ya yi sallama in karɓi gaisuwarsa a can in ja masa kunne kafin ya shiga. Amma ina da miji da gida a Hunkuyi, dole na koma. Karo na tara da na sani, wata baiwar Allah ce da ta dawo daga kudu, ta shigo Dije na rijiya, ta yi wa Yaya gaisuwar Lawal. Wannan karon Yaya ba ta manta da wuri ba, ko kuwa jikin ne ya ƙi mantawa. Ta daina karɓar abinci sai kunu. Kwana goma sha ɗaya tsakani ta bi ɗanta. Ajali ne, na sani. Amma ta tafi tana sabon makoki, kuma da bakinmu muka saka ta a ciki.

To yau ga shi abin ya zagayo gidana. Malam, maigidana, shekara biyu ke nan yana cikin irin halin da ta shiga. Daminar bara ƙaninsa Ɗanjuma ya rasu, wanda kullum bayan la'asar suke zama a tabarma ɗaya a ƙofar gida. An gaya masa sau ɗaya, ya yi kuka, ya bi gawa. Bayan mako ya shimfiɗa tabarma ya ce, "Ɗanjuma bai fito ba?" Na ga kaka na tafe, na ga dangi na tafe.

Binta, wadda ke koyarwa a Ikara, ta riga ta buɗe mana zaure a cikin waya tun da ciwon ya fara, ta zuba 'ya'ya da jikoki da 'yan uwa a ciki. A nan ake faɗin wanda makonsa ne ya zo ya kwana biyu, da ko an ba Malam maganin hawan jini na safe don kada a maimaita, da ranar komawa asibiti. Ni ba na karatu, amma ta nuna mini inda zan danna in yi magana. Na danna, na ba su labarin Yaya tun daga farko har ƙarshe, na ce duk mai gaisuwar Ɗanjuma ya yi mini ita ni, a zaure ko a waya, kada wanda ya kai ta gaban Malam. Kafin azahar muryata ta isa Furana da Makarfi da Kaduna, da bakina, ba wanda ya ƙara mata gishiri a hanya.

Ba kowa ya yarda ba. Wani ɗan wan Malam ya ce wannan ɓoye mutuwa ne, kuma ƙarya za a koya wa yara. Wani malami cikin dangi ya amsa masa a nan cikin zauren, ya ce an riga an sanar da Malam sau ɗaya, kuma ba wanda aka ce ya yi ƙarya, an dai ce kada a ɗora wa bawan Allah abin da ba zai iya riƙewa ba. Tsofaffin da ba su da babbar waya kuwa, Binta ta raba su, kowa aka ba shi wanda zai je ya kunna masa saƙon ya ji da kunnensa.

Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga wannan zamani. Ita da ke kiran waya akwatin gulma. Na san da farko za ta taɓe baki. Za ta ce mutum talatin da wani abu a zaure, kowa na aiko da Allah ya ba da lafiya, to su nawa ne suka zo suka wanke masa riga? Kuma gaskiyarta, ba su wuce huɗu ba. Waya ba ta ɗaga tsoho ta kai shi bayan gida, ba ta zama da shi in ya rikice yana neman uwarsa. Wannan har gobe aikin hannu ne, kuma yawanci hannun mace. Amma da zan ce mata, Yaya, abin nan da kike raina shi ne ya tsaya a ƙofa ya tare gaisuwar da ta yi ta saran ki, na san za ta yarda. Ita mai gaskiya ce, in abu ya yi takan ce ya yi.

Bayan an gama girbin bara sai ga Sale. Ya tsufa ƙwarai, a bayan babur aka kawo shi, sanda a hannu. 'Yarsa ta kunna masa saƙona tun a Furana. Duk da haka da ya zauna kusa da Malam a tabarma, na laɓe a zaure ina saurare. Suka gaisa. Can Malam ya waiga ya ce, "Ka ga Ɗanjuma a hanya?"

Sai Sale ya ce, "Ɗanjuma sarkin gardama? Ka tuna ranar da ya rantse jakinsa ya fi keken Bature gudu?" Malam ya fashe da dariya har da tari, ya karɓe labarin ya ƙarasa shi da kansa, daidai, bai tsallake komai ba. Suka yi ta yi har aka kira magariba.

Da zai tafi ya tsaya a zaure ya cire hula. Ya ce, "Talatu, ya haƙurin Ɗanjuma?" Na ce da godiya. Ya daɗe bai mai da hular ba, sannan ya ce, "Na Asabe har yau yana cina. Da na sani da na ce mata mai rowar daddawa na tashi."

Yaya ba ta bar gona ba, ba ta bar shanu ba. Kwanukanta an raba, ɗakinta jikanta ya yi aure a ciki. Abin da ta bari shi ne wannan, a danginmu yanzu ba a kai wa mai gigin tsufa mutuwa sau biyu. Da hawayenta aka saya mana sanin nan, Malam kuma yana cin moriyarsa bai ma sani ba. Dije na nan Likoro, har yau takan rufe kwano ɗaya da la'asar ta fitar sadaka, ta ce na Inna da ɗanta ne.

Ni ma na fara neman carbina yana wuyana. Shi ya sa makon jiya na sake danna wayar, na ce Binta ta adana wannan kada ya ɓace. Na ce musu in ranar ta zo kuka ji ina tambaya ina Yaya Asabe, kada wanda ya durƙusa mini. Ku miƙo mini kwano da faifai in rufe mata tuwo, ku zauna ku tambaye ni wace iri ce ita.

Allah ya jiƙanki Yaya, ya haɗa ki da Lawal inda ba mai zuwa ya ce miki ya haƙuri.