Jar Jita da Amfilifayar Masallacinmu

Shekarun baya, tun furfura ba ta fara leƙo min a gemu ba, ina da shagon ɗinki a Daura, a wani lungu da ba shi da nisa da Kusugu. Ina kuma da aboki wanda muka taso tare. Shi ne ya tafi ci-rani Damagaram, ya zarce arewa wurin Buzaye, ya dawo mana ba da raƙumi ba, ba da kanwa ba, sai da jar jita mai aiki da lantarki da wata baƙar amfilifaya, wato akwatin da ake jona jitar a jikinsa ya fitar da sauti. Mahaifinsa dillalin shanu ne, dattijo mai kamala. Da ya ga kayan sai ya ce, "To, Allah ya kyauta." 

A shagona ake jona su, don ni ke da janareta. Amfilifayar nan tsohuwa ce, kuma tana da halinta. In an kunna ta sai ta kama wani gurnani ƙasa-ƙasa kamar na bijimi mai jin ƙishirwa, ba ta bari sai an mare ta a gefen hagu. Dama ba ta yi, sama ba ta yi, sai hagu. Da ta yi shiru sai abokina ya murɗa wani maɓalli, jitar ta saki ƙara mai kaushi irin ta kaset ɗin Turawan nan masu dogon gashi da yake saurare, can kuma ya sassauta ya shigo da salon Buzaye, ya ɗora waƙar Hausa a kai. Ni ma na gwada koyo. Ba a je ko'ina ba ya karɓe abarsa, ya ce in ji tausayin tsirkiya in koma wa keken ɗinki. Ban yi musu ba, don kajin maƙwabta ma watsewa suke in na taɓa ta.

Samari suka san shi. Biki a Dutsi, biki a Baure, sai an aiko masa. Bai iya noma ba, bai iya ciniki ba, abin nan kaɗai ya iya, kuma wallahi ya iya shi.

Da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, da mu aka yi murna, har da shi. Babu wanda ya zo ƙofarsa da bulala. Gayyata ce kawai ta ƙafe. Biki ya koma walima da wa'azi, waɗanda suke rawa a gabansa jiya suka koma gaishe shi kai a sunkuye. Sai kuma jita-jita ta bazu wai a wani gari an tara kayan kiɗa an cinna musu wuta. Kowa ya ce a gabansa aka yi, in ka matsa masa sai ya ce ƙanin matarsa ne ya gani.

Wata rana abokina ya ce min, "Nan kam ta ƙare. Zan tsallaka in nemi inda ake so na. In na samu gindin zama sai in dawo in kwashi kayana." Ya kai su ɗakin mahaifiyarsa, ya bi ta Babban Mutum ya shige Nijar. Lokacin wayar hannu ba ta kai ga irinmu ba, don haka shiru kake ji. Damina ta zo ta wuce, wata ma ta biyo bayanta.

Ana nan, wata azahar ina yanka yadi, sai na ji lasifikar masallacin unguwarmu ta fara gurnani kafin ladani ya buɗe baki. Almakashi ya suɓuce min. Ko cikin barci na san wannan gurnanin. Da na shiga salla na ga amfilifayar abokina a gefen mumbari, an goge ta tas, an shimfiɗa mata ƙyalle.

Abokina ya dawo lokacin kaka, ya rame amma fuskarsa cike da fara'a. Shagona ya fara sauka, ko gida bai je ba. Ya ce ya samu wasu makaɗan jita da za su tafi Yamai, sun saurare shi, sun ce ya zo, amma da kayansa, don nasu ba su ishe su ba. Yana magana ina ta neman inda zan kamo zaren. Ban kai ga samu ba aka kunna lasifika don kiran la'asar. Ya tsaya cak, bakinsa a buɗe. Sai da ladani ya kammala sannan ya dube ni.

"Tawa ce?"

Na ce, "Taka ce."

Na raka shi gida. Mahaifinsa yana zaure, bai ɓoye komai ba. Ya ce, "Ta masallaci ta ƙone, mutane suna rasa jam'i, ga wannan a ajiye tana shan ƙura. Na ba da ita wakafi da sunanka. Duk wanda ya ji kira ya zo salla, kana da lada a ciki."

"Baba, ba aro ba?"

"Abin da aka ba Allah ba a karɓowa. Kai ma ka sani."

Ya sani kuwa. Ko da a ce an miƙo masa ita, da wace fuska zai ratsa unguwa ɗauke da muryar masallaci a kai, zai kai ta wurin rawa? Tsohon nan kuma ba mugunta ya yi ba. A ganinsa gata ya yi wa ɗansa.

Muna cikin haka mahaifiyarsa ta leƙo daga cikin gida ta yafuto mu. Ta rage murya ta ce, "Ɗan nan, kwantar da hankalinka. Mai igiyoyin tana nan. Da na ji ana ƙone-ƙone na ɓoye maka ita inda ko malam bai sani ba."

Na ga ransa ya dawo. Ya ce, "Inna, Allah ya saka miki. In da jita, amfilifaya ai sai in roƙi aro a can."

Ta sa muka janye gadonta. A ƙarƙashinsa ta haƙa rami, yadda matan da suke binne tukunyar murjani in ana tsoron ɓarayi. Ta naɗe jitar da zanenta na saƙi, wanda ta fi ji da shi, ta ƙara da tabarma, ta mayar da ƙasa ta daɓe. Muka sa fartanya a hankali. Tun daga tabarmar na sha jinin jikina, don ina taɓa ta ta marmashe. Zanen ya zama ƙasa. Amma jitar tana nan kwance, ja wur, kamar yau aka ajiye ta. Abokina ya yi hamdala, ya sa hannu biyu ya ɗago ta.

Sai ta rufta a hannunsa. Gara ta cinye katakon ta ciki kaf, ta bar fentin kawai a tsaye kamar ɓawon ƙwai. Abin da ya rage masa tsirkiyoyi ne masu tsatsa da 'yan ƙarafa suna reto.

Inna ta zauna daɓas a ƙasa tana cewa, "Na shiga uku. Ni adanawa na yi, wallahi adanawa na yi." Shi ne ma ya koma lallashinta, yana cewa ba komai, katako ne. Bai yi kuka a nan ba. A bayan shagona ya yi, ni kuma na tada keke da ƙarfi don kada masu wucewa su ji.

Makaɗan nan suka tafi Yamai ba shi. Ya koma bin mahaifinsa kara, kasuwar dabbobi, ya koyi cinikin shanu daidai gwargwado, ya yi aure, ya haihu. Ban sake ganin ya taɓa jita ba, ko ta wani.

Abin da yake ci min rai har yau shi ne babu wanda zan ji haushi. Da wani azzalumi ne ya ƙwace kayan nan, da mun tsine masa mun huta. To uba ya nema masa lahira, uwa ta nema masa tsari, a tsakaninsu suka raba shi da abu guda da ya iya a duniya. Na daɗe ina neman darasin da zan ce na koya, ban samu wanda ya sanyaya min zuciya ba.

Amfilifayar ta yi shekaru tana aiki a masallacin kafin ta mutu. A duk tsawon lokacin, in yana zaune a shagona aka kunna ta, sai ka ga yatsunsa na hagu suna danna gwiwarsa kamar tsirkiya. Ladani kuwa bai taɓa gane halinta ba, sai ya yi ta bubbuga mata kai tana gurnani. Abokina ba ya ɗaga murya. Kansa a ƙasa yake cewa, "Hagu, malam. Hagu za ka mara."