Malam Osumanu da Tagar Bayan Gidan Abinci

Idan Malam Osumanu ya idar da sallar asuba ba ya komawa barci. Sai ya ɗauki kofin shayinsa ya shige garejin gidansu da ke gabashin birnin Greensboro a Amurka, inda mota ta daɗe da rasa wurin kwana, ya ɗaura gilashin ƙara gani a goshi, ya zauna. A kan teburinsa akwai gari guda: banki, gidan waya, shagon aski, kantin magani, kuma duk cikinsu babu wanda ya fi kwalin sukari tsawo. Da reza da hantsaki da gam yake gini. Matarsa, Hajiya Lariba, takan ce ta auri mutumin da ya gina gidaje sun fi sittin, amma har yau ƙofar banɗakinsu ba ta rufuwa sai an danna da kafaɗa.

Ɗan zangon Kumasi ne. Shekara ashirin da biyu ya yi yana ɗaga kaya a wani sito da ke Wendover, kuma a can ya haɗu da Bernard, baƙar fata ɗan ƙasar nan, wanda ya ja shi cikin wata ƙungiyar dattawa masu sha'awar ƙananan jiragen ƙasa na wasa. Suna da zaure inda jiragen ke zagaya garuruwan da aka ƙera, mutane su zo su yi ta kallo. Kowa jirgi yake bi da ido. Ba a taɓa jin wanda ya tambayi wa ya gina garin ba. A watan nan Malam Osumanu zai ajiye reza, don hannu ya fara rawa, shi ya sa ya kamata a faɗi abin da ya yi tun yana jin mu.

Yana da taurin kai guda ɗaya: bai yarda da hoto ba. Sai ya je da ƙafarsa ya auna gini da tef, ya ƙirga layin bulo, ya zana ƙofa da taga a littafinsa. Duk bayanin kuma da ajami yake rubutawa, don shi ne rubutun da hannunsa ya fara sani, kuma a cikinsa ya fi sauri. Bai taɓa kawo wa ransa cewa littafin nan zai iya zame masa masifa ba.

Bara ƙungiyar ta ɗauko aikin ƙera babban titin garinsu Bernard, wani ƙaramin gari da ke kudu, gaba da Pleasant Garden, yadda yake a shekarun dā. A lokacin Bernard yana kwance, ɓarin jikinsa ya shanye. Da Malam Osumanu ya je duba shi, sai Bernard ya kama masa hannu ya ce, "Ɗan'uwa, ranar Litinin za a rushe tsohon gidan abincin nan da ke maƙwabtaka da banki. Hotunan gabansa sun yi yawa, amma babu wanda ya taɓa ɗaukar bayansa. Mahaifiyata ta yi shekara goma sha takwas tana dafa abinci a ciki, ba ta taɓa shiga ta ƙofar gaba ba. Mu baƙaƙe ta wata taga ake miƙo mana abinci a lungun baya. Idan tagar nan ba ta cikin garin, to ba garinmu kuka gina ba."

Malam Osumanu ya yi masa alkawarin saka tagar. Ranar Alhamis da hantsi ya isa garin. Ya gama da gaban ginin lafiya, ya zagaya lungu. Ga tagar kuwa, an toshe ta da bulo, amma shatinta na nan, har da dakalin siminti da gwiwar hannun mutane ta siɗe. Ya ɗora tef ke nan sai ya ji tsayuwar mota a bakin lungun.

"Kar ka motsa. Bar hannayenka inda zan gan su."

Ɗan sanda ne, wani ne ya kira shi. Malam Osumanu ya ɗaga hannuwa sama. Aka zaunar da shi a ƙasa, dattijo mai furfura, hularsa ta faɗi gefe bai isa ya ɗauka ba. Ɗan sandan ya buɗe littafin yana juya shafi a hankali, shi kuwa Malam Osumanu sai a lokacin ya ga littafinsa da idon wani: ga zanen banki, ga ƙofofin baya, ga tagogi, ga rubutu mai kama da Larabci ya cika ko'ina. Aka tambaye shi wa ya aiko shi. Turancin shekara talatin ya gudu ya bar shi, babu abin da idonsa ke kallo sai hannun mutumin da ke kusa da ƙugu. Ya yi kalmar shahada a zuci. Ya tuna bai yi wa Lariba sallama mai kyau ba da safe.

Kusan awa guda ana bincika takardunsa. Daga ƙarshe aka miƙa masa littafin aka ce ya tafi, kuma idan aka sake ganinsa a lungun, ba gida zai kwana ba. Ya shiga mota ya kama hanya. Sai da ya kusa gida ya tuna tef ɗinsa na can kan dakali, tagar kuma ko taku ɗaya bai auna ba.

Lariba ta ji labari ta zauna daɓas. "Malam, ka rantse mini ba za ka koma ba. Wannan aikin naka zai jawo mana trouble paa, babbar fitina. A kan gidan kwali za ka mayar da ni mai takaba a ƙasar mutane?" Bai rantse ba, bai kuma musa ba. Kwana biyu abinci bai wuce masa ba. Duk motar da ta rage gudu a ƙofar gida sai ya leƙa ta labule. Bayan sallar Juma'a masu ba da shawara suka ce ya yanka taga ko ina ne a bangon ƙaramin ginin, wa zai sani? Ya ce Bernard zai sani.

Ranar Lahadi da safe ya saka ƙaramin bankin da ya riga ya gama a kwalin takalmi, ya ce zai je ofishin 'yan sandan garin da kansa. Lariba ta yi faɗa har ta gaji, sannan ta yafa mayafi ta riga shi shiga mota. A bakin ofishin ta fizge kwalin. "Kai dai ba ka da wayo koraa, ko kaɗan. Da rufaffen box za ka shiga wurin police? Cire shi, ka ɗora a tafin hannu kowa ya gani." Haka ya shiga, banki a tafin hannu.

Aka kira ɗan sandan nan. Ya sunkuya ya daɗe yana kallon bankin, har ya gane tsagar da ke saman ƙofarsa. Malam Osumanu ya buɗe littafi da kansa, ya bi layi da yatsa yana karanta masa: nan tsawon ƙofa ne, nan layin bulo goma sha huɗu. Mutumin bai ba shi haƙuri ba, kuma bai yi murmushi ba. Abin da ya ce kawai shi ne, "Minti goma na ba ka." Suka je lungun tare, tef ɗin na nan kan dakali inda ya bar shi. Hannun Malam Osumanu ya ƙi tsayawa don tsoro, har sai da ɗan sandan ya gaji da kallo ya riƙe masa bakin tef. Washegari aka rushe ginin.

Ranar da aka buɗe sabon garin a zaure, aka turo Bernard a keken marasa lafiya. Bayan gine-ginen yana fuskantar bangon zauren ne, don haka Malam Osumanu ya kafa dogon madubi a can, duk wanda ya sunkuya zai ga lungun. Bernard ya sunkuya. Ga tagar a buɗe, ga dakalinta da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ya girgiza kai ya ce, "Ta yi ƙasa. Tagar nan ta fi haka nisa da ƙasa." Malam Osumanu ya lalubo littafi ya karanta: taku huɗu cif. Bernard ya sake kallon madubin, hawaye ya zubo masa ta ɓarin da ke motsi. "Haka ne," in ji shi. "Shekarata shida a lokacin. Sai mahaifiyata ta miƙo hannu ta ɗaga ni nake ganin fuskarta."

Malam Osumanu, kai ne maginin da bai taɓa sa sunansa a jikin bango ba. Ba za mu ce ba ka da tsoro ba, don mun san har yau idan motar 'yan sanda ta biyo bayanka sai tafin hannunka ya jiƙe. Da tsoron naka ka koma, saboda alkawarin da ka ɗaukar wa mutumin da ke kwance. Mun gode. Allah ya saka maka da alheri, ya sa wa hannun nan albarka, ya kuma saka wa Hajiya Lariba da ta cire murfin kwali.

Ku kuma 'yan'uwa, garejinsa a buɗe yake, ya ce duk mai so ya zo ya koya kafin hannu ya ƙi gaba ɗaya. Ku je, ku riƙe aikinku yadda ya riƙe nasa, har gefen da ba a kallo. Idan kuma kun shiga zauren nan, ku bar jirgi ya wuce abinsa, ku sunkuya ku duba madubi.