Layin da Ya Yanke a Rugar Baffa

Shekarar da na koma Dutse da aiki, Baffana, ƙanin mahaifina da ke kiwo a wata ruga bayan Jahun, ya sa ni gaba sai na yi wa makiyayan rugar manhajar waya da za su riƙa sanar da likitan dabbobi ciwon shanu. Hanya biyu ce a gabana. Ko dai wayar makiyayi ta riƙe layi a buɗe kullum tsakaninta da babbar kwamfutarmu, kowane ɓangare ya yi magana sa'ad da ya ga dama, ko kuwa wayar ta aika tambaya, a ba ta amsa, a rufe. Na zaɓi ta farko. Ita ce ke burge abokan aikina, ni kuma lokacin ina son a ce na iya.

Abin kunya, a ruga aka haife ni amma na manta yadda ake riƙon waya a can. Caji sai ranar kasuwa, don haka kullum a kashe take cikin aljihu. Sabis kuwa sai an hau wani tudu kusa da rijiya.

Wata saniyar Baffa mai ciki ta kwanta, ta ƙi ciyawa. Ya hau tudun ya aika saƙon murya, ya kashe waya, ya sauko. Likita bai ɓata lokaci ba ya amsa, amma amsar ta bi layin da ya riga ya yanke, ni kuma ban tanadi inda za ta jira ba. Shi ke nan ta ɓace. Kwana biyu Baffa yana hawa tudu yana dawowa ba labari. A na uku ya kira ni, sai bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Ɗana, ko likitan naku ya yi tafiya ne?"

Na goya likita a babur muka tafi, da ƙyar aka samu saniyar ta miƙe.

Cikin mako guda na rushe aikin na sake shi. Yanzu amsa tana nan a ajiye, duk lokacin da aka kunna waya sai ta tambaya ko akwai saƙo, a miƙa mata. Abokan aiki suka ce na koma baya. Na ce na ji, raina kuma fes.

Baffa bai taɓa tayar mini da zancen ba. Da saniyar ta haihu, ya hau tudu ya aiko da saƙo ta cikin manhajar, ya roƙi likita ya gaya mini ya ba ni maraƙar, tawa ce.