Barkar Aljeriya

Jiya aka ambaci Aljeriya a rediyo, sai Baba ya faɗo mini a rai, dattijon da ya koya mini rini a masaƙarmu ta Bompai.

Ina sabon ɗauka aka kawo wani injiniya ɗan Aljeriya ya haɗa mana inji. Ranar gwaji Baba na ɗura wa injin ruwan rini daga famfo, wari ya cika ɗakin, sai baƙon ya ɗaga hannu: "Barka! Barka!"

Baba ya washe baki. "Barka kadai, Malam! Ya iyali?" Ya ƙara buɗe famfon.

Rini ya malale har ƙofa, farin takalmin manaja ya koma shuɗi. Saura ƙiris a sallami Baba. Ashe a ƙasarsu "barka" na nufin "ya isa haka."

Maimakon fushi, Baba ya liƙe wa baƙon da Larabcinsa na makarantar allo, kullum suna shan shayi yana tambayarsa labarin hamada, da dabino, da Buzayen can. Tun daga nan in ana zuba wa Baba abinci aka ce barka, sai ya tsare mutum da ido: "Ta Kano ko ta Aljeriya?"

Allah ya kwararo masa rahama, kada a samu mai yi masa barkar Aljeriya.