Abdulbaƙi Ya Ɗaga Hannu

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha huɗu ga Mayun 2024, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran ƙanena Abdulbaƙi Yahaya a wurin aikinsa da ke Nassarawa GRA, nan Kano. Na karɓi hukuncin Ubangijina, ba ni da ja. Abin da ban karɓa ba shi ne maganar da aka zo aka faɗa mana a zaman makoki, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Abdulbaƙi, ina tuna ranar da wani babban kamfanin fasahar zamani ya ɗauke ka koyon aikin ba 'yan kasuwa shawara. Ka shigo gidanmu na Badawa kana fara'a har kunne. Gwaggo Uwani ta tambaye ka me kamfanin naku yake sayarwa, ka ce shawara. Ta riƙe haɓa ta ce, "Shawara? Wadda nake ba uwarka kyauta tun kafin a haife ka?"

Ba ka yi fushi ba, sai ka mai da ita ɗalibarka ta farko. Ka wuni zaune a zaurenta kana kallon yadda take cinikin zoɓo, ka ga rabin ƙarfinta yana ƙarewa a zirga-zirga tsakanin kicin da ƙofar gida. Da yamma ka ja firjin zoɓon da hannunka daga kicin zuwa zaure. Ciwon gwiwarta ya yi sauƙi. Har gobe cewa take dabararta ce, kai kuma ba ka taɓa ƙaryata ta ba. Haka kake. Kana son abu ya gyaru, ko da wani ne zai sha yabon.

Tun kana yaro kake fama da asma. Ni na riƙa yawo da abin shaƙarka a jakata muna firamare, don haka na san ƙarar ƙirjinka fiye da kowa. Ba ka ɓoye wa kamfanin ba. Ka faɗa ranar da suka ɗauke ka, ka kuma sake faɗa da ka ga ɗakin da ake zaunar da masu koyon aiki yana can baya, bango ɗaya da janareta. Ka roƙi a canza maka wuri. Aka ce za a duba.

Ranar uku, manajanku ya zo ta'aziyya da tawagarsa, sun sha farar shadda. Ya durƙusa gaban Umma ya ce, "Hajiya, yaron kirki ne. Sai dai zurfin ciki. Da ya faɗa wa wani ba ya jin daɗi, da an kai shi asibiti."

Tun daga ranar Umma ba ta ƙara cin abincin kirki ba. Ita ta tarbiyyantar da kai kada ka katse babba, kada ka yi ƙorafi a gaban mutane. Yanzu ta ɗora wa kanta mutuwarka. Sai in same ta zaune a bakin gadonka tana cewa, "Ni na cuce shi, Sa'adatu. Ni na koya masa shiru." Mutumin nan ya zo ta'aziyya, ya sauke kayansa a kan uwar da ta binne ɗanta, ya shiga motarsa ya tafi.

Sai bayan sadakar bakwai Nabiha, abokiyar koyon aikinka, ta neme ni. Ta san maganar za ta iya raba ta da aikinta, amma ta faɗa, Allah Ya saka mata.

A ofishin naku akwai doka. Duk wanda zai shiga ɗakin baya yakan bar jaka da waya a akwatin ajiya a bakin ƙofa, wai don tsare sirrin abokan hulɗa. Abin shaƙarka yana cikin jakar. Akwai wata dokar kuma: idan ana taro ta kwamfuta da manyan baƙi, mai koyon aiki ba ya magana. Manaja ne yake rufe masa makirufo da kyamara da wurin rubuta saƙo, shi kaɗai kuma yake iya buɗewa. Abu ɗaya aka bar muku, wata 'yar alamar hannu da mutum yake dannawa in yana neman izinin magana.

Ranar da abin ya faru ana irin wannan taron, an ɗauke wuta, an tayar da janareta, kai kaɗai ne a ɗakin. Nabiha tana bin taron daga gida, ita ma bakinta a rufe. Ta ga hannu ya bayyana a gefen sunanka. Ta ga manaja ya sauke shi. Ya sake bayyana, ya sake saukewa, har ya yi wa baƙin dariya ya ce yaran bana akwai ɗokin magana. Ita ta san ba halinka ba ne nacin magana a taro. Ta kira wayarka, tana ta ƙara a akwatin ajiya. Ta kira maigadi, Malam Shu'aibu. Da ya ruga ya buɗe ɗakin, ya same ka a ƙasa, tsakanin kujera da ƙofa. Ko da aka isa asibiti rai ya yi halinsa. Taron kuwa bai tsaya ba sai da aka gama shi, aka yi godiya.

Ina cikin fushi, kuma ba zan ɓoye ba. Ban ce wani ya kashe ka ba, ajali na Allah ne. Amma ku da kuke koya wa kamfanoni yadda za su saurari ma'aikatansu, wace irin shawara ce ta ba ku ku kulle bakin yaro, ku raba shi da maganinsa, ku zaunar da shi a hayaƙi? Kai manaja, ba ka san me yake nema ba, na yarda. To me zai ragu a jikinka da ka buɗe masa ka ce, lafiya? Kuma bayan ka ga hannun da idonka, ka sauke shi da yatsanka, da wace fuska ka durƙusa gaban mahaifiyarsa ka ce bai faɗa wa kowa ba?

Ba ma neman komai daga gare ku sai abu biyu. 'Ya'yan mutane suna nan zaune a ɗakin nan har yau, ku fitar da su, ku buɗe musu baki. Sannan kai manaja, ka dawo gidan nan, ka durƙusa inda ka durƙusa, ka gyara maganarka.

Ya Allah, Ka ji ƙan Abdulbaƙi, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa wahalar numfashin da ya sha ta zama kaffara. Ka sada shi da Abbanmu a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo Uwani, wadda ta kasa buɗe firjin nan tun ranar, da Nabiha, da Malam Shu'aibu da ya ɗauke shi a kafaɗarsa, da dangi baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙuri.

Ke kuma Umma, Allah Ya sanyaya zuciyarki. Ki ci abinci, don Allah. Tarbiyyarki ba ta cuce shi ba. Ɗanki bai yi zurfin ciki ba, ya nemi izinin magana yadda kika koya masa. Ya ɗaga hannu, Umma. Sauke masa aka yi.