Dattijon da Ba Ya Sakin Makulli

Ƙarfe shida da rabi na safe Ottmar Haberkorn yake ɗaga ƙofar garejinsa, kuma shekara talatin da takwas ke nan mutanen ƙauyenmu suna saita agogo da ƙarar ƙofar nan. Sai ya ɗora kofi, ya zaga motar da ke ciki hannu a baya, ya ƙwanƙwasa nan, ya leƙa can, fuska a murtuke. Aikinsa shi ne ya karɓi tsohuwar motar kwana-kwana ko motar kaya da kowa ya yafe, ya mayar da ita gida mai tafiya: gado, murhu, tankin ruwa, har da makewayi. Ta hau dutse, ta ratsa rafi, ko cokali ba zai faɗo daga kabad ba.

Masu wannan sana'a ba su da wuyar samu a kudancin Jamus. Abin da ya raba Ottmar da su hali ne guda, wanda ya kori masu ciniki da dama: ba ya miƙa makulli sai mai mota ya cire taya ya mayar da hannunsa, a gabansa, ba mai kama masa. Wani lauya ya taɓa ce masa ai yana da lambar masu jan mota. Ottmar ya ce, "Madalla. In ka maƙale a tsakiyar hamada ka kira su, ka gaishe min da su."

Har mu maƙwabtansa mun sha cewa taurin kai ne kawai, sai da lamarin Gudrun Aichele ya rufe mana baki.

Gudrun tsohuwar malamar makaranta ce. Ita da mijinta Wendelin sun shekara arba'in suna cewa wata rana za su ratsa tsakiyar tsibirin Aislan, inda babu kwalta babu gari. Suka kawo wa Ottmar jar motar kwana-kwana. Aiki ya yi nisa sai Wendelin ya gamu da shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce in za su je, su je bana, baɗi ba tabbas. Ottmar ya wargaza rabin aikin, ya faɗaɗa ƙofa, ya sauke gado, ya ƙera abin ɗaga keken guragu.

Saura kwana tara jirgin ruwan da zai kai su Aislan ya tashi, Gudrun ta zo karɓar makulli. Ottmar ya nuna mata tayar baya, wadda ta kai mata ƙirji, ta kuma fi ta nauyi.

Ta ce, "Haba Ottmar, tare fa muka yi firamare."

"Taya ba ta san mun yi firamare ba."

"Shekarata sittin da takwas."

"Na sani, wata huɗu na ba ki. In ta fashe a can, Wendelin ne zai sauko?"

Ta fita tana kuka. Ƙauyen nan babu wanda bai zage shi ba, ni ma ban bar nawa ba, kuma har yau ina jin kunyar abin. Muna ta surutu, shi kuwa yana ta walda. Kwana uku ya yi yana ƙera wani ƙarfe mai sarƙa a bayan motar, wanda zai ɗauke nauyin tayar, da sifana mai dogon hannu da za ta iya takawa da ƙafa. Sannan ya aika a kira ta. Kwana biyar tana fama, farcenta ya kakkarye, Wendelin yana gefe a kekensa yana riƙe mata notuna a cinya. A rana ta biyar ta gama cikin minti hamsin. Ottmar ya duba kowane noti, ya ciro makulli daga aljihu.

A mako na biyu a Aislan, tayar ta fashe a cikin baƙaƙen duwatsu. Waya ba ta kamawa, iska tana kaɗa motar, rabonsu da ganin mutum tun jiya, ga mara lafiya a ciki. Gudrun ta sauko ta yi abin da aka koya mata. Wendelin ya ga duwatsun ƙanƙarar da ya shekara arba'in yana mafarkin gani. Bai kai bazara ta gaba ba.

Ottmar, kai ne ka yarda a ƙi ka na mako guda don mutum ya dawo gida da ransa. Kai ne ka tura motoci hamada da ƙasashen ƙanƙara, alhali kai kanka ba ka taɓa wuce tafkin Konstanz ba, wai wa zai buɗe gareji. Mun gode, kuma muna alfahari da cewa a ƙauyenmu kake. Duk mai sana'a a hannu ya dubi dattijon nan, kada ya sallami mutum don kawai ya ga ya yi murmushi.

Ranar Asabar da ta wuce Ottmar ya rufe garejin, ya yi ritaya, aka shirya masa walima. Motocin da ya ƙera suka cika filin ƙwallo. Ana cikin cin burodi da cuku sai ga jar motar kwana-kwana, Gudrun a sitiyari. Ta sauko ta tsaya gabansa da makulli a hannu, ta ce:

"Wasiyyar Wendelin ce, motar taka ce. Ya ce ka je ka ga inda kake tura mutane."

Idon Ottmar ya kawo ruwa. Ya miƙa hannu. Gudrun ta mayar da makullin aljihunta, ta nuna masa tayar baya.

Ya ce, "Gudrun, gwiwata fa."

Ta ce, "Taya ba ta san kana da gwiwa ba."

Ya tuɓe kwat, ya durƙusa. Awa ɗaya da minti biyar ya yi, ita ce ta riƙe masa notunan.